Tafkin da Ba Shi da Ranar Buɗewa

Wata safiyar Juma'a ce a cikin watan Oktoban 2016, 'yan watanni bayan ni da Umma mun biyo Baba Dubai, ya tashe ni bayan sallar asuba ya ce in sa takalmin makaranta, ba silifa ba, domin za mu je gaida ruwa. Shekarata goma a lokacin. Muka sauko daga benen da muke haya a gefen Al Warsan, muka bi ta bayan manyan sito-siton da ake ɗura kaya a kwantena, muka ratsa wani fili mai yashi da tarkacen katako. Tun da muka sauka daga jirgi a tsakiyar zafi ban taɓa yin tafiyar ƙafa mai tsawo haka ba, domin zafin garin ba ya barin mutum ya wuce tsakanin ƙofar gida da ƙofar mota. Amma ran nan iska ta sauya, tana taɓa fuska ba ta ƙona ta. Can sai ga shingen waya, a bayansa kuma ga ruwa shimfiɗe, kore-kore, doguwar ciyawa ta zagaye shi, balbelu na tsaye a gefe. Baba ya zura yatsunsa cikin idon wayar, ya yi sallama ƙasa-ƙasa kamar wanda ya zo ƙofar gidan surukai. Ya ciro guntayen gurasa daga aljihu ya watsa ta saman shingen. Ruwan ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya fara tafasa. Kifaye suka taso, kowanne ya fi damtsena kauri, masu manyan ɓawo kalar tagulla da ɗan gashin baki a gefen leɓe, suna buɗe baki suna ture juna. Baba ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Dummi ne, Uwata, ko ɗan uwansa. Sai dai wannan bai taɓa sanin tsoro ba." Uwata yake kira na, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

A hanyar dawowa ya fara ba ni labarin da na yi ta ji har ƙarshen rayuwarsa. Ni a Kano aka haife ni, a gidan su Umma na tashi, ban san garinsu ba sai a baki. Wani ƙauye ne a ƙasar Haɗeja, a bakin tafkin da suke kira Dogon Ruwa, kuma gidansu ne gidan sarkin ruwa. Yayansa, Baffa Haruna, shi ke riƙe da sarautar. Idan damina ta kama, sarkin ruwa zai kafa kara mai jan ƙyalle a bakin tafkin, daga ranar an rufe shi ke nan, don kifi ya yi ƙwai ya girma. Babu babban da zai sa hannu a ciki har sai kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, ruwa ya fara ja da baya. Sannan a sa rana, a yi shela a kasuwanni, mutane su zo daga ƙauyuka da homa da gora, sarkin ruwa ya zare karan nan, a auka gaba ɗaya. Wanda aka kama ya taɓa ruwa a rufe ba a dukansa, ba a kai shi gaban alƙali. Suna kawai ake sa masa, ɓarawon ruwa, sunan kuma ya bi shi har kan 'ya'yansa. Yara ne kaɗai aka yafe wa su zauna a gefe da 'yar fatsarsu, domin an ce fatsar yaro ba ta ɓata ruwa. Baba yakan rufe labarin da cewa, "Ruwa a rufe amana ne, ko na waye."

Shekaru da yawa ke nan rabonsa da ganin buɗin Dogon Ruwa. A sito yake aiki, yana kula da kayan 'yan kasuwar Kano, ya karɓa, ya sa a ɗaure, ya tura kago, kuma daidai kaka suke cika garin don sayen kayan ƙarshen shekara. A wannan lokacin ba a ba kowa hutu. Hutunsa kullum tsakiyar damina yake faɗawa, ya je gida ya tarar da jan ƙyalle a kafe, ya gaida ruwa daga tudu ya dawo. Shi ya sa da ya gano wannan tafkin a bayan sito, shekara guda kafin zuwanmu, ya ɗauka Allah ne ya dube shi.

Gidanmu ɗaki ɗaya ne da falo. Ni da na saba da tsakar gidan kakata, inda ake daka ana tankaɗe, awaki na ratsa ƙafafun mutane, sai na koma zama a cikin akwati mai sanyi wanda tagarsa ba ta buɗuwa fiye da tafin hannu. Aikina da safe shi ne in kai shara ƙarshen baranda, in shanya wanki a kan ƙarfen da ke tsaye a falo, in zubar da ruwan da na'urar sanyaya ɗaki ke ɗigawa a bokiti. Motar makaranta takan ɗauke ni a ƙofa ta ajiye ni a ƙofa. Filin wasan makarantar ma da rufi a samansa, ƙasansa roba ce, kuma a cikin 'yan ajinmu, 'yan Indiya da Pakistan da Sudan, ba wadda ta san carafke ko 'yar gala-gala. Nakan tara ƙwallon dabino in yi carafke ni kaɗai a kan tayil. Idan na zana gala-gala da alli na fara tsalle, maƙwabcinmu na ƙasa sai ya bugo silin da sanda. Umma takan yini a kicin tana dambun nama da yaji don baƙin Baba, ba ta fita sai ranar da za a je kasuwar Deira. Ita ce ta laƙaba masa Sarkin Ruwan Bokiti, domin in ji ta, ruwan da yake mulki a duk faɗin Dubai shi ne wanda nake zubarwa kowace safiya. Yakan yi dariya ya ce ko shi ɗin ma bai ba ta izinin su a ciki ba, ta kiyaye.

Watannin zafi ba ma ko ambaton tafkin. Amma da zarar zafi ya karye, kowace Juma'a da sassafe muna bakin shingen. A nan ya koya mini karatun ruwa. Ya nuna mini ƙananan kumfa da ke tasowa a jere, ya ce dummi ne ke kiwo a ƙasa yana tonon laka da leɓe. Ya nuna mini wasu ramuka zagayayyu a cikin yashin gefe, ya ce gidajen karfasa ne. Ya ce dummi ba ya cafkar koto yadda tarwaɗa ke yi, tsotsa yake yi ya tofar, ya sake dawowa, mai gaggawa ba ya cin namansa. A gida kuma yakan zaunar da ni gaban ƙafar tebur ya koya mini ɗaurin ƙugiya, in ɗaura ya ja ya warware, in sake. Duk ilimin nan da baki ne da yatsa. Ban taɓa ganin hannunsa ya jiƙe ba.

Ba mu kaɗai muke zuwa ba. Wasu ma'aikata daga gidajen leburori na kusa sun yanka wayar a wani lungu, sukan shiga da zare a naɗe jikin robar ruwa, su fito da kifi a buhu yana motsi. Idan suka gan mu sukan yafito Baba, su ce yalla habibi, wato zo mana aboki, su nuna masa ramin. Sai ya ɗaga musu hannu ya kau da kai. Ni kuwa raina yakan ɓaci, in tambaye shi me ya sa mu ba za mu shiga ba. Sai ya nuna mini allon da ke jikin shingen, mai hoton ƙugiya an ja mata jan layi, ya ce wannan shi ne jan ƙyallensu. Ruwan a rufe yake, mu jira ranar buɗewa. Bai taɓa zuwa ransa ba cewa akwai ruwan da ake rufewa ba don a buɗe ba.

Kakar farko ta wuce ba mu ji shela ba. Ya ce mu baƙi ne, wataƙila ba mu san inda ake yin ta ba. Da kaka ta biyu ta zo sai ya ce abin da ya kamata shi ne a je a gaida mai ruwa a tambaye shi, haka ake yi a ko'ina. Ya samo farin goro a wajen wani baƙonsa da ya zo daga Kano, ya naɗe a ganye, ya sa babbar rigarsa ta Sallah da hula, ya shafa turare. Umma ta leƙo daga kicin ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ko in bi shi da tabarma tunda fada za shi, kar a bar Sarkin Ruwan Bokiti a tsaye. Bai kula ta ba, sai murmushi.

A wajen ƙofar shingen akwai 'yar rumfar ƙarfe ta mai gadi. Mai gadin wani siririn mutumin Nepal ne, mai tsawo, daga baya muka sa masa Dogo. Baba ya yi sallama, ya ɗan rusuna, ya miƙa goron da hannu biyu. Cikin Larabcin kasuwa da Turancin sito ya ce ya zo neman mai ruwan nan ne, ya gaishe shi, ya kuma ji ranar da za a buɗe. Ni nake cike masa inda Turanci ya ƙare masa. Dogo ya kalli rigar, ya kalli goron, ya kalle ni. Ya ce babu wani mai ruwa da za a je a gaisar. Kamfani ne ya ɗauke shi aiki, kamfanin ma wani ofis ne ya ba shi, shi kuwa bai taɓa ganin kowa ba sai direban da ke kawo shi. Rami ne da aka haƙa, ruwa ya taru, wani ya zuba kifi. Baba ya ce to ranar buɗewa fa. Dogo ya ce babu. Ba bana ba, ba baɗi ba, haramun ne, khalas, wato shi ke nan. Sai kuma ya dubi fuskar Baba ya ji nauyi, ya ɗauki goro ɗaya ya gatsa don ya faranta masa rai. Ɗacin ya sa ya runtse ido har hawaye ya zubo, amma ya daure ya haɗiye, ya ce da daɗi.

Baba ya naɗe hannun rigar a kafaɗa, muka juyo. Da muka kusa gida ya ce, "Ruwan da ba a buɗewa ba hutawa yake ba. Tsare shi aka yi." Na ɗauka tunda babu mai ruwa, yanzu za mu bi ta ramin waya kamar kowa. Ashe shi akasin haka ya fahimta: tunda babu mai ba da izini, babu ranar da ruwan zai halatta gare shi. Da muka ba Umma labarin goron ta yi dariya har ta dafa bango. Sai ta ga yadda yake ninke rigar a hankali yana mayar da ita cikin leda, ta shiga kicin ta ɗora masa shayi.

Ba mu daina zuwa ba. Baba ya riƙa kai wa Dogo shayi a filas da ƙosan Umma. Ashe shi ma ɗan bakin kogi ne, a can cikin duwatsun ƙasarsu, yakan nuna mana hotunan 'ya'yansa a waya da wani ruwa fari mai gudu. Su biyun sukan kife bokitan fenti su zauna a wajen shinge suna kallon dummi, ɗaya ya nuna girman wanda ya taɓa kamawa da hannu, ɗayan ya ƙara buɗe nasa hannun, su yi ta musu da yaren da rabinsa nuni ne. Ni ina tsugune ina watsa gurasa. Haka kaka biyu suka wuce.

A kakar 2019 Dogo ya ce aikinsa ya ƙare, zai koma gida, kuma yana so ya yi wa Baba kyauta. Juma'a mai zuwa zai buɗe ƙofa da sassafe, ya juya kujerarsa ta kalli titi, Baba ya shiga ya jefa ko sau ɗaya, shwayya, wato ɗan kaɗan, ba wanda zai sani. Da muka zo gida Umma ta ce ya je mana, Allah ne ya kawo masa, mai gadi da kansa ya ce ya shiga, me ya rage. Baba ya ce ruwan ba na Dogo ba ne, mutum ba ya kyauta da abin da ba nasa ba. Umma ta ce shi dai taurin kansa ko jaki ya sallama masa. Ni kuwa na shiga banɗaki na kunna famfo don kar a ji kukana. Shekarata goma sha uku, kuma Umma ta riga ta ce bana ce ta ƙarshe da zan riƙa bin sa bayan sito, na girma. Da na fito na tarar da Baba zaune yana juya ƙugiya a tafin hannu. Ya ce wa Umma ai har yanzu ina cikin yara, fatsar yaro kuwa ba ta ɓata ruwa. Na san yanzu cewa shi ma ya san dabara ce ya nemo don kar in tashi hannu wofi, domin allon nan bai ware yara ba. Ya samo sandar gora a tarkacen sito, ya ɗaura zare da ƙugiya da kansa, ya sa guntun farin soson kwali don ya nuna motsi, Umma ta kwaɓa koto da garin masara da ƙuli-ƙuli tana mita. Ya ce mini da zarar mun wuce ƙofa, hannunsa ba zai taɓa sanda ko zare ba, ko me ya faru. Na ce to, ba tare da na saurara ba.

Ranar Juma'ar Dogo ya buɗe mana ƙofa. Ban manta warin ruwan ba, warin laka da ruɓaɓɓiyar ciyawa, wanda ba ya kaiwa bayan shinge. Na cire takalmi, ƙafata ta nutse a taɓo mai sanyi, karo na farko tun barina Kano. Baba ya nuna mini da haɓa inda ƙananan kumfa ke tasowa kusa da ciyawa. Jifata ta farko ta faɗi a gabana, ta biyu ta kama ciyawa, ta uku ta sauka inda yake so. Ya tsaya a bayana, ya harɗe hannuwansa a baya. Muka jira har rana ta fara dukan wuyana. Sai soson ya yi rawa, ya tsaya, ya sake rawa. Baba ya ce ƙasa-ƙasa kar in motsa, tsotsa yake yi. Soson ya kwanta, sannan ya nutse gaba ɗaya. Ya ce yanzu. Na ɗaga.

Na zaci ƙugiyar ta kama dutse ne, sai dutsen ya fara tafiya. Sandar ta lanƙwashe, zaren na kuka, aka ja ni cikin ruwa har gwiwa. Baba yana ta magana a kunnena, kar in ja, in bar shi ya gaji, in sauke kan sandar, in bi shi hagu, kar in bari ya kai ciyawa. Kifin ya taso sau ɗaya ya juya, na ga gefensa da faɗi kamar faifai, ja-ja a cikin rana, ya sake nutsewa. Hannuwana suka mutu. Sandar ta fara zamewa daga yatsuna.

"Baba, ka riƙe mini. Don Allah ka riƙe mini."

Yana dab da ni, ya shigo ruwa da wandonsa, ina jin numfashinsa a ƙeyata.

"Ina nan, Uwata. Riƙe."

Na riƙe iya ƙarfina, amma kifin ya fi ni. Ya kutsa cikin ciyawa ya naɗe zaren, na ji tas, na faɗi zaune a cikin ruwa da sanda mara nauyi a hannu. Dogo, wanda ashe tuni ya juyo da kujerarsa, ya rugo ya tsaya a bakin ruwa, ya buɗe hannuwa yana tambayar Baba me ya sa, me ya sa. Baba ya sunkuyo kaina. Ya fito da hannunsa daga baya don ya ɗaga ni, na ga shatin farce a wuyan hannun, wani wurin har ya ɗan fashe. Da na kama hannun na ji yana rawa kamar na mai zazzaɓi.

A hanya ina tafe ruwa na ɗiga daga siket ɗina, ban kalle shi ba. Sai ya ce akwai maganar da yake ɓoye mana don yana jiran ta tabbata. Ya roƙi mai sito, an yarda baɗi wani zai riƙe masa aiki a kaka, mu tafi gida gaba ɗaya mu ga buɗin Dogon Ruwa. "Can zan riƙe miki," in ji shi, "a gaban kowa."

Baɗin ita ce shekarar annoba. Aka rufe makarantu, aka tsayar da jirage, muka koma mu uku a cikin ɗaki da falo. Karatuna ya koma cikin waya. Baba, wanda ban taɓa gani a gida da rana ba, yakan zauna gaban ƙafar tebur yana ɗaura ƙugiya yana kwancewa, yana cewa kafin kaka komai zai buɗe, in sha Allahu, ba a taɓa rufe duniya har abada ba. Da aka sassauta ya koma sito. Bayan 'yan makonni zazzaɓi ya kama shi, numfashi ya yi masa wuya. Motar asibiti ta zo, ni da Umma muka matsa fuska a jikin tagar nan da ba ta buɗuwa muna kallon ana shiga da shi. Ba a barin kowa ya je dubiya. A tsakiyar zafi aka bugo aka gaya mana. Abokan aikinsa kaɗan ne suka samu izinin raka shi, a can aka binne shi.

A ɗakin nan Umma ta yi takaba. A cikin takabar kaka ta shigo. Na ji ta wata safiya ta kafar tagar, iska mai taɓa fuska ba ta ƙona ta, na rufe tagar. Babu mai raka ni, Dogo ya tafi, kuma ko da akwai ban san abin da zan je in yi ba. Bizarmu a jikin tasa take, aka ba mu lokaci mu shirya, jirage kuma yau a buɗe gobe a rufe. Muka zauna da akwatuna a ɗaure a falo har shekara ta juya, sannan muka samu muka dawo Kano.

A kakar 2021 Baffa Haruna ya aiko a kawo ni. Dogon Ruwa bai kai girman da yake da shi a bakin Baba ba, ciyawar kacala ta cinye gefe guda, amma jan ƙyallen yana nan a kan kara, rana ta koɗe shi. Na ga an zare shi, na ga maza sun auka da homa da gora, ana kiɗa. Na tsaya cikin matan da ke fafe ciki suna jera banda, suna mamakin yadda 'yar birni take kiran kowane kifi da sunansa. Da la'asar Baffa ya kira ni gindin tsamiya. Fuskarsa ta Baba ce da aka ƙara wa shekaru, har na kasa dubansa sosai. Ya tambaye ni zaman ƙaninsa a can, ya ce ko ya samu ruwa kuwa, ko ya taɓa jefa ƙugiya. Na ba shi labari tun daga goro har zuwa ranar da zare ya tsinke, ina zaton zai yi alfahari.

Baffa ya juya ya dubi tafkin. Sannan ya ce nan samari sun daɗe suna shiga da taru tun ruwa na rufe, kowa ya sani, shi ma ya sani. Rayuwa ta yi tsanani, rabon da ya sa wa wani suna ya manta. Ƙyallen yana kafa shi ne don ya tarar ana kafawa. Duk shekara ƙaninsa yakan bugo ya tambaya ko har yanzu ana tsare ruwa, shi kuma kunya ta sa ya ce ana tsarewa. Ya shafa fuskarsa da hannu biyu.

"Da na san yana can yana ɗaure hannunsa saboda ƙyallena, da na ce masa ya kama."

Ya sa aka kawo dummi mafi girma a cikin kamun ranar, ya ce rabon ubana ne. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Mata suka yi mini bandarsa, na kai wa Umma.

Yanzu na girma, ina Kano. Dogon Ruwa tafiyar mota ce, duk kakar da na so ina iya zuwa, ba mai hana ni. Dubai kuwa ba ni da mai kai ni, ban san daidai inda kabarin Baba yake ba, ban sani ba ko tafkin yana nan ko an cike shi an yi gini. Mutane idan na ba su labarin sukan ce Allah ya jiƙan mai amana, in ce amin, kuma gaskiya suka faɗa. Amma ni na ji yadda hannun nan yake rawa. Kifin bai dame ni ba, ko a lokacin ba don kaina nake kiran Baba ba, ko da yake sai da na girma na gane haka. Da dai ya sa hannu, ko sau ɗaya ne.